Awon Ƙafafu Ɗari Uku da Sha Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Shafin shagonmu na intanet bai buɗe ba yau. Na danna, sai farin allo da jan rubutu, wai an dakatar da wannan shafi. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa, yadda Injiniya yake yi in abu ya ƙi. Haka dai.

Injiniya. Mijina ne, ni na laƙaba masa sunan don tsokana, ranar da ya shigo da tsohuwar kwamfuta a hammata yana cewa daga yau shagonmu ya shiga duniya. Mai ɗinkin takalmi ne, ba abin da ya haɗa shi da injiniyanci, amma sunan ya bi shi har kabari. Wata takwas ke nan da rasuwarsa.

Awon mutanenmu kaf yana cikin shafin nan. Mu ba takalmin gayu muke yi ba, na masu lalurar ƙafa ne: wanda shan inna ya taɓa, wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, wanda ciwon suga ya ci wa yatsu. Shi ne mai awo a gaban shago, ni ina ciki wajen yanka da ɗinki. Tun da ya tafi, in tsohon mai saye ya kira sai in buɗe shafin, in nemo lambarsa, in buga takardar awonsa in yi aiki. Sabon mutum kuwa haƙuri nake ba shi. Da haka shagon yake numfashi.

Na yi shara. Na zagaye kujerarsa da tsintsiya kamar kullum. Na rufe da wuri.

Talata, 4 ga Maris

Kamfanin da shafin yake zaune a wurinsu ba su da lambar waya. Na duba sama, na duba ƙasa. Wani ɗan akwati ne kawai a gefen allo inda ake rubuta kuka a jira.

Na jira awa huɗu ina goge fata. Amsar ta zo: wani shafi da yake na'ura ɗaya da namu ne ya kwaso cutar kwamfuta, ta bazu ta kama maƙwabta, shi ya sa aka rufe kowa. Mai asusu yana da kwana ashirin da ɗaya daga jiya ya shiga ya gyara. In bai shiga ba, ranar 24 ga wata za su goge komai.

Na tuna Injiniya ya taɓa yi min bayanin nan ina yanka, rabin kunne na ba shi. Ya ce kamar gidan haya ne mai ɗakuna ɗari biyar da banɗaki ɗaya, amma ai ga araha. Yana faɗa yana dariya, yana jin ya yi wa duniya wayo.

Lambar sirrin da nake da ita ta duba awo ce. Ta shiga asusun kamfanin daban take, ban taɓa sanin akwai ta ba. Na danna inda aka rubuta na manta. Suka ce sun aika sabuwa zuwa imel ɗin shago. Imel ɗin shago kuma yana cikin asusun da suka rufe. Wato makullin ɗakin yana cikin ɗakin. Na karanta sau uku, ban ji komai ba, na koma kan keken ɗinki.

Laraba, 5 ga Maris

Ba amsa. Na ɗinka rabin takalmi ɗaya, na warware.

Alhamis, 6 ga Maris

Na rubuta musu cewa ni matarsa ce. Suka ce suna godiya da tuntuɓa, amma da mai asusu kaɗai suke magana. Ban rubuta dalilin da ya hana mai asusun magana ba. Na sa yatsa a kan haruffan, na ɗauke.

Sai na buɗe sabon saƙo na ce ni ne shi. Na sa sunansa a ƙasa. Cikin minti goma aka amsa, da gaisuwa da sunansa cikakke, har da na mahaifinsa. Rabon da in ga wani ya gaishe shi tun a asibiti.

Kowane saƙo mutum daban ne yake amsawa, in ma mutane ne. Kowa sai na fara masa labarin daga farko.

Asabar, 8 ga Maris

Malama ta kira. Lamba arba'in da ɗaya ce a wurinmu, ƙafarta ta hagu ta gaza ta dama. Makarantar firamare take koyarwa, nesa da mu, tafiyar wuni guda a mota. Shekara tara muna yi mata takalmi, sau ɗaya tak ta taɓa zuwa, ranar awo na farko. Sauran duk ta waya ne: ta ce nan yana matsa ta, can yana goge mata fata, shi kuma ya ƙara a bayananta. Haka yake yi wa kowa. Awon ba tsawo da faɗi kaɗai ba ne, gyare-gyaren shekaru ne a kan juna.

Ta ce dunduniyar ta cinye gefe ɗaya, ƙugunta ya fara ciwo in ta daɗe a gaban allo. Ko zai samu kafin ƙarshen wata?

Na ce zai samu. Ban san me ya sa na ce haka ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ta zo da rana, ta same ni a gaban kwamfuta. Ta cire mayafi ta zauna a kan buhun ragowar fata, ta ce na rame, ta ce gashin nan ko taje shi ba na yi. Na gaya mata abin da ake ciki a taƙaice.

Ta ce ina kwalayen da yake zana ƙafafun mutane a kai, ai ta san har rufi suka kai.

Ni na ce a kwashe su. Shekara shida ke nan. Gara ta shiga cikinsu, ɓera ya yi gida, ni kuma ina neman inda zan kafa keke na biyu. Wata uku na yi ina masa mita, har ya gaji ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya ya zuba a shafi, ya rubuta bayanan kowa a ƙasan hotonsa. Ranar da aka fitar da su, ni na riƙe wa mai kwasar shara bakin buhu. Har na ce alhamdu lillahi, shago ya sha iska.

Sai Yaya ta ce, “Ki rufe shagon nan ki dawo wurina. Ke da ko ƙafar mutum ba ki taɓa riƙewa ba.”

Gaskiyarta. Shekara goma sha huɗu ina bayan labule. Ni ba na son yawan magana da mutane, kuma ba na iya kallon ciwo. Shi ne mai zama ya rungumi ƙafar mutum a cinyarsa yana ba shi labarin banza har ya manta da kunya.

Na ce mata zan yi tunani. Ban yi ba.

Talata, 11 ga Maris

Sabon mai amsa ya ce akwai wata hanya: za su iya aika lambar shiga zuwa wayar da mai asusu ya yi rajista da ita. Ya nuna min lambobi uku na ƙarshe. Nasa ne.

Wayarsa tana cikin aljihun tebur tun ranar da aka dawo min da kayansa a leda. Na sa ta caji. Ta kunnu, hotona ne a fuskarta, ina hararar sa da almakashi a hannu. Layin ba ya aiki. Na je ofishin masu layi bayan azahar, na bi layi, yarinyar da ke kan tebur ta ce layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba ana sake sayar da shi. Ta ce yanzu na wani ne. Ta kira na bayana.

Saura kwana goma sha uku.

Laraba, 12 ga Maris

Na kira lambarsa. Na san ta a ka, yatsana ne ya danna ba ni ba.

Ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka. Muryar namiji, mai kauri, ana jin ƙarar injin niƙa a bayansa. Na yi sallama na ce za a turo masa wasu lambobi shida, don Allah ya karanta min. Ya yi wata dariya ya ce, “Baiwar Allah, irinku goma na gani a watan nan. Ki nemi sana'a.” Ya kashe.

Ban ga laifinsa ba. Ko ni haka zan yi.

Juma'a, 14 ga Maris

Na zazzage buhun ragowar fata a tsakar shago, ko zan samu takardun awon da na buga a watannin nan. A kan fata nake manna su in bi layi da wuƙa, in na gama in dunƙule in jefar, tunda ai yana cikin shafi. Na samu guntaye bakwai, gam ya cinye rubutun huɗu. Na Malama ba ya ciki, takalminta na ƙarshe tun Injiniya yana da rai aka yi shi.

Na kira mai layin sau uku. Ba ya ɗauka.

Na ci abinci a tsaye. Ban san me na ci ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na rubuta wa kamfanin da sunansa. Sun gaishe shi. Sun ce sun fahimci damuwarsa.

Litinin, 17 ga Maris

Mutum uku sun kira a layina yau, duka na ce su ƙara min mako guda. Ɗaya daga cikinsu, wani tsohon direba da aka yanke wa yatsun ƙafa biyu, ya ce ba komai 'yata, da silifas yake lallaɓawa. Na san abin da silifas yake yi wa ƙafar mai ciwon suga. Injiniya da ya ji haka da ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi.

Na tura wa mai layin saƙo. Na rubuta sunan shagon, da irin takalmin da muke yi, na ce layin nan na mijina ne a da. Ban ƙara komai ba.

Talata, 18 ga Maris

Mai layin ne ya kira da kansa, da hantsi. Ya kashe injin ma, don na ji shiru a bayansa.

Ya ce ashe ni ce ta masu takalma. Wata biyu ke nan mutane sun hana shi sakat, kowa ya kira sai ya ce a ba shi mai awo. Ya ce akwai wata tsohuwa da ya gaya wa ba shi ba ne, ta ƙi yarda, ta yi ta ba shi labarin ƙafarta har kuɗin wayarta ya ƙare. Ya ce, “Mutumin nan naki yana ina ne?”

Na ce ba ya nan.

Ya ce in sa a turo. Ya karanta min lambobin a hankali, sau biyu, kamar mai koya wa yaro ƙirga. Ya ce Allah ya sa a dace.

Na shiga. Shafin yana nan, hotunan takalman talla suna nan, har da hotonsa a bakin shago da tef a wuya. Na buɗe wurin awo. Lambobin mutane suna jere daga ɗaya zuwa ɗari uku da sha biyu. Na danna arba'in da ɗaya, babu zane, babu bayani, sai wasu haruffa a cakuɗe. Na danna ɗaya. Na danna ɗari biyu. Na bi su duka, ɗaya bayan ɗaya, har aka yi la'asar.

Laraba, 19 ga Maris

Na tambayi kamfanin ko suna da kwafin awon. A tallarsu, da manyan baƙaƙe, an rubuta ana ajiye kwafi kullum.

Suka ce haka ne, ana ajiyewa kullum, amma a tsarin da mai asusu ya zaɓa na kwana bakwai kawai ake riƙewa, sabo yana danne tsoho. Kwafi mai lafiya na ƙarshe ya fita daga ajiya tun wajen goma ga wata. Waɗanda suke hannunsu yanzu duka na bayan ɓarnar ne.

Goma ga wata. Lokacin ina ta zagaye a bakin ƙofa ina gaya wa mutum na biyar labarin daga farko. Na ce me ya sa ba wanda ya gaya min akwai kwana bakwai a cikin kwana ashirin da ɗayan? Suka ce yana cikin sharuɗɗa, sashe na sha ɗaya.

Suka ƙara da cewa akwai tsarin da yake ajiye kwafi na wata shida a wata na'ura daban, an nuna wa mai asusu shi ranar rajista. Har hoton shafin rajistar suka turo min. Ɗan akwati ne ƙarami, da alamar zaɓi a cikinsa tun asali. Injiniya ne ya sa hannu ya cire alamar.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban buɗe shago ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na buɗe. Ina shara na zo wajen kujerarsa, sai na ji ina magana da ƙarfi ni kaɗai.

Kai fa. Kai da ba ka yarda a sa wa mutum roba mai arha a tafin takalmi, ka gwammace ka yi tafiyar awa biyu ka nemo mai kyau. Kai da ka taɓa warware min ɗinkin kwana uku saboda zare ya kauce da faɗin ƙwayar shinkafa. Ka tattara ƙafafun mutum ɗari uku ka kai su ɗakin da ya fi kowane arha, ka cire alamar nan da hannunka, ka dawo kana min dariya wai ka iya ciniki. Kuma ko a bayan kalanda ba ka rubuta min lambar sirrin ba. Kai a ganinka ba za ka mutu ba ne?

Na ji haushinsa ƙwarai. Na buga wa kujerar tsintsiya, ta matsa daga inda take, na ga da'irori huɗu masu tsabta a ƙasa inda ƙafafunta suka zauna wata takwas.

Na san ni ma na riƙe bakin buhu. Na sani. Yau dai nasa nake ji.

Ban mayar da ita wurinta ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na kira Malama na gaya mata gaskiya, awonta ya ɓata, na kowa ya ɓata. Na ce in tana so in nemo mata wani mai yi a kusa da ita.

Ta ce wa? Ta gwada mutum biyu kafin mu, wata shida ta yi da sanda. Ta ce za ta nemi izini ta shigo mota ranar Laraba. Na ce ni ban iya awo ba. Ta ce to wa yake ɗinka mata takalmi shekara tara?

Yaya ta kira da yamma, ta ce ta gyara min ɗaki. Na ce na gode.

Litinin, 24 ga Maris

Yau ne. Sun turo tunatarwa, da sunansa, ko yana so a ci gaba da riƙe masa shafin bayan an share cutar.

Na rubuta da sunana. Na ce mai asusun nan ya rasu ranar uku ga Yuli, ni matarsa ce, ni ce nake rubuto muku tun farkon wata, ku goge. Ban taɓa rubuta kalmar da hannuna ba sai yau. Gajeriya ce ashe.

Bayan minti biyu amsa ta zo. Sun gaishe shi, sun ce suna baƙin cikin rabuwa da shi, sun roƙe shi ya zaɓi taurari daga ɗaya zuwa biyar don auna yadda aka kula da shi.

Na yi dariya. Daga nan abin ya juye, na daɗe a kan buhun fata. Mai shagon gefe ta leƙo ta koma.

Laraba, 26 ga Maris

Malama ta iso bayan azahar, da ƙurar hanya a jikinta, tana jan ƙafar. Ta tsufa fiye da yadda nake zato. Ni muryarta kawai na sani da lamba arba'in da ɗaya.

Na yanko kwali daga akwatin gam. Na ɗauko tef ɗinsa daga ƙusa, wajen inci goma ya goge saboda babban yatsansa. Ba inda zan zauna in kai ga ƙafarta sai kujerarsa, to na jawo ta.

Ta cire takalmin tana kallon bango. Na ɗora ƙafar a cinyata. Da ɗumi, da nauyi, da wani kanta a gefen ƙaramin yatsa. Ina taɓa wurin na gane shi, nan ne nake sa fata mai laushi ninki biyu duk shekara, ban taɓa tambayar dalili ba. Ban iya labarin banza ba, don haka na ci gaba da aikina.

Da na zo auna gazawar ƙafar hagun, kafin in jera katakan gwaji a ƙarƙashin dunduniyarta sai na ware yatsuna biyu a iska, iya kaurin da hannuna ya saba yankawa. Na jera katakan har ta ce nan ne, ƙugunta ya zauna. Na gwada da yatsun. Ya ɗara da kaɗan, kamar kaurin fata ɗaya. Ta ce ai tun bara take jin kamar yana so a ƙara, ta ji nauyin ta dami Injiniya yana jinya.

Na zana, na auna wuri shida, na rubuta duk abin da ta ce. Fensirin ya kauce a wajen dunduniya, na goge na sake. Awa ɗaya da rabi, abin da yake yi a minti ashirin. A saman kwalin na tsaya, ban san lambar da zan sa ba. Na sa ɗaya.

Ban ce na iya ba. Sai ta taka takalmin tukuna. Na dai kira tsohon direban na ce ya zo Asabar, kuma kada ya kuskura ya zo min da silifas. Na tura wa mai layin lambata, in an sake kiransa ya ba su. Yaya ban kira ta ba tukuna.

Bayana yana ciwo. Kujerar ta yi min tsawo, shi dogo ne. Gobe zan karɓo zarto in rage mata ƙafa.